RAGON SUNA MUN TANADA, INA TANADIN RAN MAI HAIHUWA?

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan makon wani zaman makoki ne da na halarta a wani ƙauye cikin ƙasar Gwaram. Matar wani aminina ce ta rasu, yarinya 'yar shekara 16, da cikin fari wata tara. Shi kuwa yana Kudu wajen cin rani. Tun kusan wata guda kafin rasuwarta ƙafafunta da fuskarta suka kumbura, tana kukan ciwon kai, tana cewa idonta yana ganin dishi-dishi. Tsofaffin gidan suka ce ai girman ɗa ne, ta yi haƙuri. Ba ta taɓa zuwa awo ba ko sau ɗaya, domin maigidan bai bar wannan izinin ba kafin ya tafi, kuma ba wanda ya ga dalilin tambayarsa. Cikin dare jijjiga ta kama ta, aka ce iska ce, aka shiga hayaƙi da tofi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka nemi mijin a waya, ba a same shi ba. Aka jira gari ya waye, aka shiga neman mota, aka shiga neman kuɗin mai. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa, ita da abin da ke cikinta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sai ga kukan rago daga cikin gida. Na tambaya, aka ce ragon suna ne, tun ciki yana wata biyar aminin nawa ya aiko da kuɗi aka saya ana ta kiwo. Wallahi 'yan uwa, tun daga ranar kukan ragon nan bai fita daga kunnena ba. Mutumin nan ba mugu ba ne, yana son matarsa, ya yi tanadi iyakar abin da ya ga ana yi. Amma tanadin biki ya yi, bai yi tanadin ran mai haihuwa ba, domin ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa akwai irin wannan tanadin.

Duk wanda ya zo gaisuwa cewa yake yi kwana ne ya ƙare. Na'am, gaskiya ne, ba mai wuce ajalinsa. To amma tun muna ajin farko a Islamiyya malamanmu suka karantar da mu cewa sai an ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma kowane magidanci abin tambaya ne a kan waɗanda aka ba shi amanarsu. Ajali na Allah ne, sakaci kuwa namu ne, kuma a kan sakacin za a tsayar da mu.

Kada wani ya ɗauka wannan musiba ce ta gida ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 ne suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kuma kimanin 75,000 daga cikinsu 'yan Nijeriya ne. Wato a duk mata huɗu da haihuwa ta kashe a bayan ƙasa, fiye da ɗaya tamu ce. A nan Jigawa kuwa, wani bincike da aka yi a ƙananan hukumomi 24 aka buga shi a 2017 ya ƙiyasta cewa mata 1,012 ne ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000, kuma a tsawon shekarun haihuwarta, mace ɗaya cikin 15 tana iya rasa ranta ta wannan hanya. Ka ƙirga ƙannenka mata da yayyenka da 'ya'yan baffanninka, ka ga ko ba su kai 15 ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne, abubuwan da ke jefa mace cikin wannan haɗari ba ɓoyayyu ba ne. An san su tun da daɗewa, kuma a ƙasarmu aka gano da yawa daga cikinsu. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Suka tarar cewa waɗanda suka fi mutuwa su ne ƙananan 'yan mata da jikinsu bai gama girma ba, da manyan mata da suka yi haihuwa da yawa, sannan sama da kowa, matan da ba su taɓa zuwa awo ba sai da abu ya ɓaci aka kwaso su. Yau fiye da shekara 40 ke nan, kuma har yanzu waɗannan matan muke binnewa.

Mu dawo gida. A 2007 Dakta Jamilu Tukur da abokan aikinsa sun buga sakamakon wani nazari da suka yi a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Birnin Kudu. Daga cikin haihuwa 2,197, mata 207 ne suka yi jijjiga, wato kusan ɗaya cikin goma. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan matan ba su yi awo ba. Fiye da rabinsu ba su kai shekara 20 ba, kuma mafi yawansu cikin fari ne. Waɗannan ba matan wata ƙasa ba ne. Matan Sundimina ne da Kangire da Wurno, matan Sara ne da Fagam da Basirka da makamantansu, irin amaren da mu samari muke ajiyewa a ɗaki.

To mece ce jijjiga? Ba iska ba ce, ba maita ba ce, ba kuma kishiya ce ta yi asiri ba. Hawan jini ne da ciki ke haddasawa, galibi bayan ya wuce wata biyar. Yana zuwa a hankali, yana kuma aiko da 'yan saƙo: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, kumburin fuska da hannuwa, ganin dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari. Wani lokaci kuma ba ya nuna komai sai an ɗaura abin awon jini a dantse. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ma'aikacin lafiya ya san akwai magana, zai gwada fitsari, ya ba da magani, ya sa ido. Aikin minti biyar ne, amma ba a yin sa sai an je. In kuwa har jijjigar ta zo, akwai allura mai suna magnesium sulphate, ba ta da tsada. Da aka shigar da ita manyan asibitoci goma na jihar Kano a 2008, mutuwar masu jijjiga ta sauko daga kimanin kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3. Subhanallah! Magani yana nan, mara lafiya ce ba ta isa wurinsa.

Na san maganar shekarun aure magana ce da ke tada jijiyar wuya, kuma ni ba malami ba ne balle in shiga fagen fatawa. Abin da nake faɗa abu ne da ido ke gani. Yarinya takan fara al'ada alhali ƙashin ƙugunta bai gama buɗewa ba, musamman wadda ta taso cikin ƙarancin abinci. Idan kan jariri ya fi ƙarfin hanya, ba addu'ar ungozoma ba ce ta gaza, hanya ce babu. Sai naƙuda ta kwana ɗaya, ta kwana biyu, kan jariri yana danne da mafitsara har naman wurin ya mutu. In an yi sa'a uwa ta rayu, ɗa ya tafi, sai a bar ta da yoyon fitsari. Ku je Jahun ku gani, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aikin haihuwa da ɗinkin yoyon fitsari tun 2008. Ku tambayi yawancin waɗanda ke kwance ina mazajensu. Wanda ya yi ɗokin ɗaure aure shi ne na farkon guduwa da wari ya fara. Saboda haka ɗan uwa, in yarinyar da kake so ba ta gama girma ba, haƙurin shekara biyu ko uku ba zai kashe ka ba, gaggawa kuwa tana iya kashe ta. In kuma an riga an yi auren, ciki ya samu, to ka ƙudurta a ranka cewa haihuwar fari ba ta ɗaka ba ce. Kada ka yarda da yankan gishiri a kan doguwar naƙuda, aska ba ta faɗaɗa ƙashi, sai dai ta huda mafitsara ta jawo zubar jini. Naƙudar da ta wuce awa 12, wato daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ta fi ƙarfin gida.

A ɗaya gefen kuma akwai iyayenmu da yayyenmu waɗanda suka yi haihuwa biyar, bakwai, goma. Su ake wa kallon gwanaye, a ce ai wance ta saba, ita kaɗai take haihuwarta a bayan ɗaki. Alhali mahaifar da ta sha ɗaukar ciki takan saki, ta kasa tsukewa bayan haihuwa, jini ya ɓalle. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya, kuma yana iya gamawa da mace lafiyayya cikin awa biyu. Awa biyu! Daga wasu ƙauyukan Gwaram, kafin a tashi direba daga barci a daidaita kuɗi, awa biyun ta tafi. Haɗarin yana ƙaruwa ga mai kwanika, wadda ta ɗauki ciki tana goyo jikinta bai mayar da abin da ya rasa ba. Likitoci suna ba da shawarar a bar shekara biyu tsakanin haihuwa da sabon ciki, wanda kuma ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da muka sani a addini. Haka nan mai tagwaye, da wadda ɗa ya kwanta mata a gicciye, da mai sikila, da wadda aka taɓa yi wa aiki, da wadda jini ya taɓa ɓalle mata a haihuwar baya: duk waɗannan ba a jira a ga yadda hali zai yi. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga yawan jinin da ta zubar, sai a haɗa mata magunguna nan take. Wannan ya rage mummunar zubar jini da kimanin kashi 60 cikin 100. 'Yar uwarmu ce Bakanuwa ta yi wannan aiki, duniya ta karɓa, amma ledar ba za ta bi mace har ƙuryar ɗaki ba.

Yanzu bari in taɓo inda ya fi shafarmu. Me ya sa jinin da wata za ta zubar ta tashi, wata in ta zubar da shi sai kabari? Domin da ma ba ta da jinin. Ƙarancin jini shi ne ramin da talauci ke haƙa wa mai ciki tun kafin ranar haihuwa. Zazzaɓin cizon sauro yana cinye jininta a damina, ga ɗan da ke ciki yana ɗibar nasa kason, ga daka da surfe da ɗiban ruwa, ga abinci tuwon dawa da miyar kuka safe da dare. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, talauci ne kaɗai? Wa ke zama a teburin mai shayi da safe a soya masa ƙwai biyu? Wa ke tsayawa wajen mai tsire ranar kasuwar Sara ya ci shi kaɗai, ya goge baki ya shiga gida da sallama? Wa ke sayar da wake da riɗi da gyaɗa kakaf da kaka ya sake waya, a bar mai ciki da gaya? Zogale yana bayan gida, wake a rumbu yake, ƙwai kajin gidan ne suka saka. Ba a ce ka yanka mata rago ba. A wajen awo ana ba da ƙwayoyin ƙarin jini, ana ba da Fansidar daga wata na huɗu don kare ta daga zazzaɓi, ana yin allurar rigakafin sandarewar jarirai. Gidan sauron da aka raba, ita ya kamata ta kwana a ciki, ba a kai shi lambu a rufe yabanya ba.

Ko bayan an sauka lafiya ba a fita daga daji ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi da wankan tafasasshen ruwa na tsawon kwana arba'in. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, ta ɗora wa zuciya kayan da ba za ta iya ba. Ba cewa na yi ka je ka yi wa surukarka tsawa ba. Ka same ta cikin ladabi ka ce, Inna, a rage kanwar nan, a sassauta zafin ruwan. In ka ga mai jego tana haki, ko ƙafa ta kumbura, ko zazzaɓi ya rufe ta, ko jinin biƙi yana wari, to asibiti.

Masana sun ce jinkiri uku ne ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku akwai haƙƙin hukuma a ciki, kuma ba za mu yi shiru ba. Mutanen Gwaram ba su manta da watan Agustan 2021 ba, lokacin da ruwa ya karya gada a Radabi kan hanyar Basirka, mota ta afka mutum 21 suka rasu. Hanyar da ta ci masu lafiya, yaya za ta yi da mai naƙuda? Tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗin ɗaukar shatar mota cikin dare ya fi ƙarfin talaka. Ga Kwalejin Jinya da Ungozoma a Birnin Kudu tana yaye ɗalibai, to haƙƙi ne a kan masu mulki su ɗauke su aiki, su biya su, su ajiye su a ƙauyuka, ta yadda ƙaramin asibiti ba zai zama gini da kwaɗo a ƙofa ba in dare ya yi. Jihar nan ta taɓa fito da shirin Haihuwa Lafiya, aka ba ƙauyuka motocin ɗaukar masu naƙuda, aka kuma yi tsarin da direbobin ƙungiyar NURTW ke kai su asibiti. Mu tambayi kansilolinmu da shugabannin ƙananan hukumominmu: ina motar mazaɓarmu, wa ke riƙe da makullinta, wa ke zuba mata mai? Kuma mu da muke cewa ba ma son namiji ya duba matanmu, mu ne ya wajaba mu fi kowa barin ƙannenmu mata su yi karatun ungozoma da likita. Ba ya yiwuwa ka hana shuka sannan ka yi kukan babu girbi.

Amma jinkirin farko, 'yan uwa, ba gwamna ba ne, ba shugaban ƙasa ba ne. Ni ne da kai. Mace ta taso an koya mata kunya, an ce mata cikin fari ba a maganarsa, naƙuda ba a yi mata kuka. Za ta ji ciwo ta danne. Ba za ta taka ƙofar gida ba sai da izininka, ba ta da kuɗin mota sai wanda ka ba ta. Duk haɗarin da na lissafa a sama, ƙuruciya ne ko yawan haihuwa, hawan jini ne ko ƙarancinsa, ba ya zama ajali sai ya haɗu da miji wanda bai sani ba, ko ba ya nan, ko bai shirya ba. Izinin da Allah Ya ba ka amana ce don ka kare ta, ba makulli ba ne da za ka tafi da shi Legas a aljihu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka ga abin da nake roƙon kowane ɗan uwa ya yi tun daga yau. Da zarar ciki ya bayyana, kafin ya cika wata uku, ka kai ta awo da kanka, kuma ta ci gaba da zuwa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa a je sau takwas. Ka karɓi katin ka tambayi ma'aikaciya: jininta ya hau ne, ya yi ƙasa ne, a ina ya kamata ta haihu? Ka tara mahaifiyarka da ƙanenka da maƙwabcinka, ka faɗa a gabansu da babbar murya cewa ka ba da izini, dare ko rana, kana nan ko ba ka nan, in an ga jini, ko jijjiga, ko ciwon kai da kumburi, ko zazzaɓi mai zafi, ko ɗa ya daina motsi, ko faya ta fashe ba naƙuda, ko mabiya ta ƙi faɗowa, a fita da ita ba sai an neme ka ba. Da kaka ka ware buhu guda ka ce wannan na haihuwa ne, ka damƙa kuɗinsa a hannun wanda yake gida. Ka yi magana da direba tun yanzu, ka rubuta lambarsa a bangon ɗaki. In kai mai cin rani ne, ka lissafa watanni ka dawo kafin wata na tara.

Sai maganar jini. Abin kunya ne a ce mace tana kwance ana neman leda biyu, ƙarti goma suna tsaye a baranda kowa yana sunkuyar da kai, wai yana tsoron ƙarfinsa zai ragu. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki yana mayar da shi, kuma lafiyayyen namiji yana iya bayarwa duk bayan wata uku. Mu da muke iya haɗa kai mu yi gayya a gonar wani, mu yi aikin masallaci, mu tara kuɗin ƙwallo, me zai hana samarin kowace unguwa su je a gwada rukunin jininsu, a rubuta sunaye a littafi guda, a ajiye wajen liman ko mai unguwa? Me zai hana mu buɗe asusu, kowa ya riƙa jefa ɗan abin da ya samu duk Juma'a, don man motar mai naƙuda? Wannan ma taimakon raunana ne, kuma babu mai rauni kamar mace a kan gwiwa.

Aminina ya dawo bayan kwana biyu da binne ta. Ya sayar da ragon, ya yi mata sadaka da kuɗin. Da na je yi masa sallama ya riƙe hannuna ya ce, ɗan uwa, da na san kuɗin ragon nan ya isa ya kai ta asibiti sau goma, da ban saye shi ba. Ban sami abin ce masa ba. Amma ku da kuke karanta wannan a ƙofar masallaci, kun sani yanzu. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. In ka koma gida yau, kafin ka duba ragon da ke turke, ka dubi fuskar matarka da ƙafafunta, ka tambaye ta yaya jiki, kuma ka tsaya ka ji amsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka.